Inda Tsaga Ta Tsaya

Dona Deolinda ce ta fara sani.
Ta hawo bene da tsintsiya a hannu,
ta ce silin ɗinta ya yi tabo,
daidai saman hoton marigayi mijinta.
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Mai gyara ya zo ran Talata daga Porto,
ya kwanta, ya haska, ya tashi yana kaɗe gwiwa.
Bahon roba ne ya tsage, in ji shi,
ba a facinsa, ba a sayar da shi shi kaɗai.
Ya karɓi Yuro talatin kuɗin dubawa,
ya bar mini takarda mai hoton sabon inji.

Babana Albano bai ce uffan ba.
Shekara arba'in da ɗaya yana facin jiragen masunta
a gaɓar Póvoa,
har iskar gishiri ta cinye masa gira.
Yanzu ko cokali rawa yake a hannunsa,
miya kan zube kafin ta kai baki.
Ya ce, Custódia, kawo tocila.

Muka jawo injin tsakiyar kicin.
Kusoshi goma sha huɗu ya jera a faranti,
ɗaya ta gangara ƙarƙashin firji, har yau tana can.
Ga tsagar nan,
siririya kamar silin gashi, tsawon ɗan yatsa,
tana tsattsafo a hankali.

Ya fara da gam ɗin jirgi, abin da ya sani.
Muka ba shi kwana guda.
Da safe ya sa farce, ya ɓare gaba ɗaya
kamar ɓawon albasa.
Ya daɗe yana kallo.
Wannan robar ba ta karɓar baƙo, in ji shi,
sai danginta.

Sai ya yanko bakin bokitin Mama,
shuɗin nan da take jiƙa busasshen kifi a ciki,
wanda ba mu taɓa ba tun rasuwarta.
Ya yi ɗan huji a kan tsagar, wani a wutsiyarta.
Na ce, Baba, yoyo muke toshewa, kai kana ƙarawa?
Ya ce tsaga matafiyiya ce,
in ba ka yi mata masauki ba
ba ta tsayawa.

Ƙarfe ya yi zafi, hannu ya ƙi natsuwa.
Na cije tocila da haƙori, na kama wuyan hannunsa.
Haka muka bi layin, sani nasa, tsayuwa tawa,
shuɗi na narkewa cikin fari,
ragar waya na nitsewa a tsakani,
hayaƙi mai ɗaci ya kori kyanwa ta taga.

Wajen mayar da ganga wani abu ya faɗi,
ƙwal, a ƙasan baho.
Na zura hannu. Dalma ce,
irin ta bakin koma, ta sha bugu har ta yi sumul.
Mutum ɗaya ne a gidan nan ke yawo da dalma a aljihu,
shekara shida bayan ya bar teku.
Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya mayar inda ta fito.
Ban ce komai ba. Shi ma haka.

Muka shimfiɗa jarida a ƙarƙashi,
muka zuba tawul uku, muka zauna a ƙasa
kamar masu jinya.
Ya sha ruwa, ya wanke, ya ɗauraye,
ya yi gudun nan nasa mai girgiza kofuna.
Na jawo jarida. Bushe take ƙayau.

Duk da haka ya tura gwangwanin kifi ƙarƙashi da ƙafa.
Ya ce bai taɓa hawa jirgin da ba gwangwani a ciki ba.

Silin Dona Deolinda na nan yana jiran fenti.
Ni kuwa duk daren Juma'a
sai na lalube wandunansa ɗaya bayan ɗaya,
in ajiye dalmar kusa da tabaransa.